Mai Yanka wa Esomba Iska

Kekena bai ga Yawunde ba. Tare muka baro Azare, muka ratsa Yola, muka shiga Garwa a bayan motar shanu ina rungume da shi don kada ƙaho ya soke masa taya, amma a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere muka rabu. Wani mutum sanye da kaki, da usur a wuya, ya tare ni da Hausa tas, har da tambayar mutanen gida. Ya ce ba a shiga taragon mutane da keke, in kawo ya kai mini taragon kaya, in na sauka zan tarar da shi yana jirana. Na miƙa masa har da godiya. Ya hau, ya ɗan taka feda, ya waiwayo ya ce, "Kai, keken nan da daɗin hawa yake." Ku ji wauta, har daɗin yabon na ji.

Sai da jirgi ya tashi wata tsohuwa Bafulatana da ke gefena ta tambaye ni ko mutumin ɗan'uwana ne. Na ce ma'aikacin jirgi ne. Ta dube ni da tausayi ta ce usur a kasuwa ake sayar da shi, kowa na iya ratayawa. Na miƙe zumbur zan dira, ta riƙe mini riga. Ta kwance bakin zanenta ta zuba mini gyaɗa a hannu, ta ce, "Ci, ɗana. Baƙo ko da ido makaho ne." Na kasa ci, na kasa zama. Daga wannan taga in koma waccan, har daji ya sauya ya zama dogayen itatuwa masu duhu da ban taɓa ganin irinsu ba.

Abin da ya fito da ni daga gida bakina ne. A Azare ba wanda yake ganin bayana in an yi tseren keke zuwa Jama'are, kuma wani falken goro ya ba ni labarin cewa a Yawunde, babban birnin Kamaru, albashi ake biyan mutum don ya hau keke kawai. Da na faɗa wa yayana Ilu, sai ya tara mini 'yan majalisarsa a ƙofar shago, ya ce ga ƙaton da zai ƙare rayuwarsa a wasan yara. Aka yi ta dariya. Zuciya ta ɗebe ni na rantse da Allah ba zan sake taka Azare ba sai da kofin tsere a hannuna. Innarmu tana daga zaure ta ji. Ƙuli-ƙuli kawai ta ƙulle mini.

A Yawunde kowa na tambaya sai ya nuna mini hanyar Birketeri, unguwar Hausawa. Nan na sauka a gidan Alhaji Bawa mahauci, wanda kakansa ya zo daga Kano da fatauci bai koma ba. A unguwar aka haifi Alhaji. Hausarsa garau take, amma da an zo kan lissafi sai ya koma Faransanci. Ya saurari labarin kekena bai yi dariya ba, ya ce, "To ɗan tsere ba keke. Ga wani can jingine, ka fara da shi." Wani baƙin keke ne mai nauyin jaki, da faffaɗar kariya ta ɗora kaya a baya. Aikina in ɗauko nama daga mayanka in rarraba wa masu tsire da masu tebur a kasuwar Mokolo.

A garinmu ƙasa shimfiɗe take kamar tabarma. Yawunde kuwa wanda ya kafa ta bai san da masu keke ba. Ka hau tudu ka gangaro, kafin ka ce alhamdu lillahi wani ya tare ka. Ga ruwan sama ba fashi, ga jar laka mai kama taya. Makon farko na tsine wa falken goron nan ya fi a ƙirga. Abincin ma sai a hankali, rogo a naɗe cikin ganye da wata miya mai ɗaci, ina ci ina tuna miyar kukar Inna. In na idar da salla a masallacin unguwa sai in tsaya ina leƙen fuskokin baƙi ko zan ga ɗan ƙasarmu. Ban iya zama a majalisa. Da na zauna sai ƙafafuna su hau rawa, Alhaji ya ce, "Haruna, ko dai kwarkwata ce a wandonka?"

Wata Lahadi da safe ina hawan tudun Elig-Edzoa da cinyar sa a kariya, sai na ji wani sauti a bayana kamar taron ƙudan zuma. 'Yan tsere ne suka fito motsa jiki, cikin matsattsun gajerun wanduna, a kan kekuna sirara kamar an zana su da alƙalami. Suka wuce ni ba ko sallama. Ban san lokacin da na miƙe a kan feda ba. Na bi su, nama yana lilo, jini yana ɗiga mini a dunduniya. Na riƙe wutsiyarsu har kan tudun, na riƙe a na biyu, a na uku idona ya rufe na faɗa cikin ciyawa ina amai. Da na ɗago sai na ga wata ƙaramar mota ta tsaya, wani mai tumbi yana kallona yana kallon cinyar san. Mai gidan burodi ne, shi ke da ƙungiyar, kowa Patron yake ce masa. Ya yi zama a Garwa, yana da 'yar Hausarsa mai gurɗe. Ya ce, "Kai mahaukaci ne, ko kai mai ƙarfi ne?" Na ce duka biyun. Ya ce gobe in same shi a gidan burodi.

Haka na zama ɗan tseren da ake biya. Aka ba ni keke mai giya da riga mai sunan burodi a ƙirji, aka kuma ce in aske gashin ƙafafuna don ciwo ya yi saurin warkewa in na faɗi. Wanzamin unguwa ya ce shekara da shekaru yana aski ba a taɓa miƙo masa ƙwauri ba. Wandon tseren kuwa ba ya shiguwa cikin Birketeri. Sai in zura babbar riga a kai, in tura keke har bakin unguwar Ekudu, in tuɓe in cusa ta a shagon wani tela. Duk da haka matan unguwa suka gano, suka sa mini suna Ɗan Kamfai.

Tserena na farko, ana busa usur na fice kamar an sako ni daga kurkuku. Haka muke yi a gida, mai ƙarfi ya yi gaba, saura su bi. Na waiwaya na ga na ba su rata, na fara tsara yadda zan shiga Azare da kofi. Su kuwa suna dunƙule wuri ɗaya, suna karɓa-karɓa a gaba, ko gumi ba su yi ba. Da aka ci rabin hanya ƙafafuna suka zama itace. Suka zo suka haɗiye ni suka tofar ta baya. Na iso bayan an fara kwance tutoci.

Patron bai yi faɗa ba. Ya kira ni gaban wani dogo mai sanyin magana, Esomba, wanda shi ne gwanin ƙungiyar. Ya ce, "Haruna, iska shi ne abokin gāba. Wanda yana gaba, iska ya ci shi. Wanda yana baya, ya huta. Kai aikinka yanka iska. Esomba yana bayanka. Ya ji ƙishi, ka kawo ruwa. Tayansa ya fashe, ka ba shi naka. Kusa da ƙarshe ka kauce, shi ya ci."

Na ce, "Ni kuma fa?"

Ya ce, "Kai ka ci burodi."

Na koma gida ina huci, na ce wa Alhaji ni ba bawa ba ne, gobe zan mayar musu da kekensu. Yana feɗe akuya bai ko ɗago ba. Ya ce, "Duk mai shagon da ka gani a unguwar nan yaron wani ne a da. Ni na yi shekaru ina riƙe wa maigidana ƙafar sa kafin ya bar ni in taɓa wuƙa. Ko a gidanku kai kake fara sa hannu a kwano?" Gaskiya ce kuwa. A gidanmu ko ƙofa ba ka riga babba shiga, in kun iso tare sai ka ja baya ka ce bismilla. Alhaji ya ce, "To ka ɗauka Esomba maigidanka ne. Yaron da ya yi biyayya, wata rana maigida yakan sallame shi da jari."

Da ƙyar na haɗiye, amma na haɗiye. Kuma Esomba bai ba ni wahalar haɗiyewa ba. A Elig-Edzoa ya tashi cikin 'ya'yan Hausawa, yana jin Hausa yana mayarwa. In muna motsa jiki lokacin salla ya yi, shi yake tsayar da kowa ya riƙe mini keke. Da azumi yakan rage gudu ya ce ƙafarsa ce ke ciwo, alhali na san ƙarya yake. Ranar da na zame a kwalta mai santsi fatar cinyata ta saluɓe, shi ya goya ni har mota, washegari ya zo Birketeri da ayaba ya zauna a tabarmar Alhaji yana gumi don kunya. Tun ina ce masa maigida da gatse har ya zama da gaske. In ya ci tsere a bayana, ina can ina haki a gefen hanya, sai in ji daɗi ya kama ni. Sai na kwanta kuma in tuna ba sunana aka kira ba, in yi ta juyi.

Damina ta zo ta wuce, wata ta zo. Na zaga garuruwan kudu a kan sirdi, na ba da tayata a hanyar Duwala, na ba da gorar ruwana a hanyar Obala, na san bayan kowane ɗan tsere a ƙasar da irin numfashinsa in ya gaji. Amma kofi ko ɗaya bai shigo hannuna ba sai in Esomba ya ba ni riƙo zai ɗaure takalmi.

Ana nan sai wani direban motar shanu ɗan Misau ya neme ni a masallaci. Bayan gaisuwa ya ce Inna ce ta aiko shi. Ciwon yanar ido ya rufe mata ido ɗaya, ɗayan ma ya fara hazo. Ta ce ba ta son komai, in zo ta gan ni tun tana iya gani.

Ranar na kasa cin abinci. Alhaji ya zaunar da ni ya ce, "Rantsuwa ai tana da kaffara. Ka ciyar da miskinai dis, goma ke nan a bakinku, ka kama hanya. Ni zan ba da naman."

Na ce, "Alhaji, Allah zai karɓi kaffara, amma Yaya Ilu da 'yan majalisarsa ba za su karɓa ba."

Ya ce, "Au, su kake tsoro?"

Na ce akwai babban tseren ƙarshen shekara, saura 'yan makonni, a bar ni in gwada. Ya girgiza kai ya ce ido ba ya jiran keke. Na san gaskiya ya faɗa, kuma ban tafi ba.

A waɗannan makonni na zama abin tsoro a hanya. Ina jan ƙungiya har su yi ta ihu in sassauta. Esomba ya matso kusa da ni wata rana ya ce, "Haruna, mene ne? Kana gudu kamar an biyo ka." Na gaya masa duka, da rantsuwar da idon Inna. Ban roƙe shi komai ba, yaro ba ya roƙon maigida abin da yake nasa. Sai ya ce, "Mama guda ɗaya ce," ya ƙara giya ya wuce.

Ranar tseren an kwana ana ruwa, hanya duk laka. Mutanen Birketeri suka fito da yawa, har masu ce mini Ɗan Kamfai, suka tsaya kusa da inda za a ƙare. Tun daga nesa da gari aka fara zubewa. Wasu suka faɗi, wasu sarƙa ta tsinke musu. Da muka juyo muka doshi Yawunde saura mu uku a gaba, ni da Esomba da wani gajere ɗan Duwala mai naci kamar kaska. Na sa kai ƙasa na yi aikina. Na yanka iska har na daina jin ƙafafuna, laka tana shiga mini baki ina tofarwa. A tudun ƙarshe na ji numfashin ɗan Duwala ya canza, na ƙara wuta, ya saki. Muka haye mu biyu.

Ga layi can, ga tutoci, ga jama'a suna kururuwa. Na yi abin da na saba yi, na kauce gefe don maigida ya wuce. Ya matso har kafaɗarmu ta daidaita, sai ya daina taka feda. Ya saki hannu ɗaya ya nuna mini layin ya ce, "Wuce, Haruna. Naka ne. Je ka ga Mama."

Na ji shi sarai, kuma na gane. Ashe a cikin 'yan tsere akwai wannan al'ada, gwani yakan bar wa mai yanka masa iska rana ɗaya, ladan shekarun da ya yi masa. Sallamar da Alhaji ya faɗa ce ta zo. Abin da na baro gida dominsa ga shi an miƙo mini, taki kaɗan ya rage. Amma ni abin da idona ya gani ƙofa ce, ga ni ga babba mun iso tare, ga kuma duk unguwarmu tana kallo. Wallahi ban yi shawara da hannuna ba, shi ya matse birki da kansa. Na ji bakina yana cewa, "Haba maigida, bismilla."

Ya zaro ido ya ce, "Vas-y! Wuce!" Shi ma ya taɓa birki.

Na ce, "A'a, sai ka shiga."

Kekuna biyu suna tafiya kamar na masu zuwa gaisuwar mutuwa. Na ji muryar Alhaji Bawa ta keto ta kowa, dattijon da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, yana cewa, "Wuce, ɗan banza! Wuce!" Sai na farga. Na miƙe zan taka, giyar ta yi mini nauyi, kafin sarƙa ta kama na ji iska ta gefen hagu. Ɗan Duwala ne, kansa a ƙasa, bai tsaya tambayar wa ya kamata ya fara shiga ba. Esomba ya bi shi ya makara. Ya zo na biyu, na zo na uku.

Bayan layi Esomba ya yi jifa da gorar ruwansa, ya cakumi rigata yana zazzaga Faransanci, sannan ya koma Hausa. "Me ya sa? Na ba ka! Me ya sa?" Na ce, "Ba a riga maigida shiga." Ya sake ni ya tsaya yana kallona, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Ku Hausawa, Allah ya shirye ku." Patron kuwa ya zauna a kan bonet ɗin motarsa ya riƙe kai. Ni ban yi kuka ba sai da na isa shagon tela zan zura babbar rigata.

Washegari da hantsi na tarar an ɗora tukunya a tsakar gidan Alhaji. Bai yi mini maganar jiya ba, ya ce kawai, "Je ka ƙofar masallaci ka kirawo su." Na kirawo miskinai goma, na zuba musu shinkafa da nama da hannuna. Esomba ya raka ni tashar jirgi, ya ce kekena na nan yana jirana, kuma ba zai ba mai usur ajiya ba. Dariyar da na yi ke nan a duk tafiyar. A jirgi ban zauna ba, a mota ina jin kamar in sauka in tura.

Yaya Ilu na fara gani, a ƙofar shagonsa, gemunsa ya yi furfura. Ya rungume ni yana salati. Na sunkuyar da kai na ce ban zo da kofi ba, amma na yi kaffarar rantsuwata. Ya ce, "Wace rantsuwa?" Na tuna masa. Ya yi ta tunani, sannan ya ce, "Kai Haruna, wai wannan 'yar maganar ce ta riƙe ka duk shekarun nan? Mu mun ɗauka daɗin Kamaru ne." Da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi.

Inna tana zaune a bakin ɗakinta tana fuskantar rana. Na yi sallama, ta juyo da fuskarta wajen muryata, amma idonta ya wuce ni ya sauka a bango. Na makara. Ta ce tun kafin a girbe dawa na biyun ya rufe, yanzu haske da duhu kawai take rarrabewa. Na durƙusa a gabanta. Ta lalubo kaina, ta shafa fuskata, ta gangaro har ƙwaurina, yatsunta suna tsayawa a kan kowane tabo.

Ta ce, "Duk keken ne ya yi maka wannan?"

Na ce, "Shi ne, Inna."

"To ka ci tseren?"

"Na uku na zo."

"Su wa suka riga ka?"

Na ce, "Wani baƙo daga Duwala, sai maigidana."

Tana murza tabon cinyata ta ce, "Baƙo da maigida. To wa kake so ka riga a cikinsu? Tashi ka wanke hannu, akwai tuwo."